Allo a Cikin Waya: Darasin Lissafi da Kwamfuta ga Yaran Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

A daren Juma'a, 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka dira Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, suka tasa ƙeyar ɗalibai zuwa daji. Sai ranar 17 ga watan aka sako yara 344, da yawansu ko takalmi babu. Duniya ta ji labarin, ta yi jimami, ta wuce. Akwai wani gefe na labarin da ba a cika tsayawa a kansa ba, wato irin makarantar da aka taɓa. Ta kimiyya ce. Iyaye sun kai 'ya'yansu can ne don su fito likitoci da injiniyoyi da malaman lissafi, irin mutanen da yankin ya fi ƙishirwarsu.

Shekarar dama ta zo da nauyinta. Tun watan Maris cutar korona ta sa an rufe makarantu a faɗin Nijeriya, yara suka shafe wajen rabin shekara a gida. Ba a daɗe da komawa ba sai ga wannan musiba, gwamnatin Aminu Bello Masari ta Jihar Katsina ta sake rufe makarantu. Bayan Ƙanƙara aka sake sace ɗalibai a Kagara da Jangebe, duk a Fabrairun 2021, tsoro ya shiga zukatan iyaye har ya zama ko an buɗe makaranta ba kowa ke sakin ɗansa ba. A watan Satumba na 2021 kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, aka kuma hana sana'ar cajin waya a wuraren da matsalar ta fi ƙamari. Haka aka zauna har zuwa ƙarshen shekarar.

Yaron da ke aji ɗaya na ƙaramar sakandare a wancan lokaci yanzu ya isa rubuta WAEC da NECO da JAMB. Takardar tambayar da za a ajiye masa ita ce za a ajiye wa ɗan Ikeja da ɗan Maitama, ba ragi ba rangwame. A ganina babu darasin da wannan giɓi ya fi yi wa illa kamar lissafi. Wanda ya rasa zango guda na tarihi ko nazarin zamantakewa yana iya karanta abin da ya wuce shi daga baya, ya ci gaba. Lissafi kuwa kamar ginin tubali yake, sahu kan sahu, idan sahun ƙasa ya karkace duk abin da aka ɗora a kai karkacewa zai yi. Yaron da bai fahimci rabon lamba kashi-kashi ba, ba zai fahimci aljabara ba, wanda bai fahimci aljabara ba kuwa ya yi sallama da fizis da kemistiri da shirya manhajar kwamfuta. Galibi kuma yaron ba ya cewa darasi ne ya wuce shi. Cewa yake yi shi ba shi da kan lissafi, ya ɗauki wannan hukunci ya rataya wa kansa har tsufa.

A nan ne maganar darasin bidiyo ke shigowa: malami ya tsaya ya koyar da abu guda sau ɗaya, da kyau, a ɗauka, a matse shi ya zama ƙarami, ya shiga waya, yaro ya kalla sau goma idan ya ga dama, ko makaranta na buɗe ko tana rufe.

Abin ba baƙo ba ne a wannan ƙasa

Dattawan Faskari ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani kan koyarwa da hoto mai motsi. A zamanin mulkin Turawa da farkon 'yancin kai, motar majigi na zagaya garuruwa, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fadar hakimi bayan isha'i, a nuna fim kan tsafta ko allurar rigakafi ko noma, ga mai sharhi yana fassarawa da Hausa. Fim ɗin Baban Larai na shekarun 1950, wanda aka yi don jawo manoma ga noman auduga na zamani, masu tarihin fim ɗin Hausa da garin Daudawa suke danganta shi, Daudawar nan ta ƙaramar hukumar Faskari. A ɓangaren rubutu ma, Abubakar Imam, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina ya kuma koyar a Midil ta Katsina, ya haɗa kai da Rupert East sun rubuta Ikon Allah don kawo ilimin halittu da kimiyya cikin Hausa. Mutanen wancan zamani, da duk manufarsu ta mulki da kasuwancin auduga, sun gane abu guda: idan kana son manomi ya canza yadda yake shuka, ka je inda yake, ka yi masa magana da harshensa, ka nuna masa da ido.

Salon da ya yaɗu a duniya yau daga Amurka ya taso. A 2004 Salman Khan ya fara koya wa wata 'yar'uwarsa lissafi daga nesa, a 2006 ya fara ɗora darussan a YouTube, daga nan aka samu Khan Academy. Bai nuna fuskarsa ba, baƙin allo ne kawai da rubutu mai launi da murya. A 2014 Philip Guo da abokan aikinsa suka bi diddigin kallon bidiyo har sau miliyan 6.9 a dandalin edX, suka gano cewa hankalin mai kallo kan fara janyewa bayan kamar minti shida, duk tsawon bidiyon, kuma darasin da ake ganin hannu na rubutawa ya fi riƙe ɗalibi a kan wanda ake jera shafukan da aka riga aka tsara. Wannan sakamako albishir ne ga malamin ƙauye, domin abin da ya fi aiki shi ne abin da ya fi araha.

A gida ma an yi motsi. Kamfanin uLesson da Sim Shagaya ya kafa a 2019 ya fara ne da sayar da darussa a cikin memori, saboda ya san tsadar data. A Maris na 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF da Microsoft suka ƙaddamar da Nigeria Learning Passport, dandalin darussa kyauta mai ɗauke da wasu abubuwa da Hausa. Wasu malaman jami'a 'yan Arewa, cikinsu har da Dokta Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero, sun kafa Arewa Data Science Academy suna koya wa matasa Python da ilimin sarrafa bayanai kyauta ta intanet. Duk waɗannan abin yabo ne. Sai dai mafi yawansu sun fi dacewa da wanda ya riga ya iya Turanci, yana da waya tasa ta kansa, yana da kuɗin data, kuma sabis na kama masa. Yarinyar da ke Dungun Mu'azu ko 'Yankara ko Pauwa ba kasafai ta haɗa waɗannan huɗu ba. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a farashin kira da data a Janairun 2025, abin ya ƙara nisa.

Hanyar da fim ke bi

Amma fa a garuruwan nan da ake cewa intanet ba ta kai ba, da wuya ka sami matashin da bai kalli fassarar Algaita ba, ko Labarina, ko Izzar So da ke fita a tashar Bakori TV. Ta ina suke samu? Ta rumfar mai caji. A kowace kasuwa, daga Sheme zuwa Ɗandume, akwai saurayi da ɗan janareta ko farantin sola, da wayoyi jere a kan tebur, da tsohuwar kwamfuta cike da finafinai da waƙoƙi da wa'azi. Mutum ɗaya ya sauke a Funtuwa ko Malumfashi inda sabis ke da ƙarfi, ya kawo, a tura wa jama'a a memori da ɗan kuɗi kaɗan, daga nan Xender da Bluetooth su ƙarasa aikin daga waya zuwa waya. Babu ma'aikatar da ta tsara wannan hanya, babu wanda ya ba da kwangilarta, kuma ta fi duk wata hanyar raba littattafai da muka taɓa gani sauri. Haramcin cajin waya na 2021 ya nuna cewa ita ma ana iya toshe ta. Amma abin da ya riga ya shiga memori ya shiga, ko an kashe sabis yana nan.

Saboda haka duk wanda zai shirya darasin bidiyo don wannan yanki, da rumfar mai caji zai fara tunani kafin YouTube. Wannan kuwa yana canza yadda za a yi aikin tun daga tushe.

A ɗauki maganar nauyi. Darasin da farar takarda ce kawai da hannu da biro ba ya cin wuri kamar fim, domin yawancin hoton ba ya motsi. Idan aka matse shi da manhaja irin HandBrake, wadda kyauta ce, zuwa kilobit 300 a daƙiƙa, darasin minti shida bai wuce megabait 14 ba. Darasi 60 ba su cika gigabait ɗaya ba. Memori mai gigabait 8 zai ɗauki darasi sama da 500, wato lissafin sakandare tun daga aji ɗaya har aji shida, da sauran wuri. Kuma zai buɗe a ƙaramar waya mai madannai da ke karɓar memori, in dai an yi rubutun da girma.

Kayan aikin ma ba su da yawa. Waya mai kyamara, a ɗaure ta a saman teburi tana kallon ƙasa, ko da a kan tarin littattafai ne. Farar takarda, maka baƙa da ja. Hasken taga da hantsi ya fi fitilar ɗaki, a dai kula kada inuwar hannu ta rufe rubutu. Abin da masu farawa suka fi sakaci da shi shi ne sauti, alhali ya fi hoto muhimmanci. Ɗalibi zai jure hoto mai ɗan dushi-dushi, amma da zarar murya ta shige cikin ƙarar janareta ko babur ko injin niƙa, zai danna ya fita. Ƙaramin makirufo na maƙalawa a wuyan riga ya wadatar, sai a zaɓi lokacin da gari ya yi shiru. Rashin nuna fuska kuma a nan yana da wata fa'ida da Salman Khan bai yi tunaninta ba. A yankin da sananne ke zama abin farauta, malamin da hannunsa kawai ake gani ya fi kwanciyar hankali, malama ma za ta iya koyarwa daga cikin gidanta ba tare da wani ya ɗaga gira ba. Yara kuwa bai kamata a nuna fuskarsu ko a ambaci makarantarsu ba sam.

Aikin gaske yana kan takarda kafin a kunna kyamara. Darasi ɗaya, abu ɗaya. Malami ya rubuta abin da zai faɗa, ya zaɓi misali biyu, na farko mai sauƙi, na biyu irin wanda ke fitowa a jarrabawa. Ya san inda yara suka saba tuntuɓe, ya je wurin da gangan: ya nuna kuskuren da aka saba yi, kamar wanda zai tara rabi da sulusi ya ce biyu bisa biyar, ya bari kuskuren ya fito fili, sannan ya nuna dalilin da ya sa amsar biyar bisa shida ce. A tsakiya ya ce wa mai kallo ya tsayar da bidiyon, ya ɗauko takarda ya gwada da kansa. Wannan 'yar jimla ita ce ke raba darasi da kallon fim, domin lissafi da hannu ake koyonsa, ido kaɗai yaudara yake yi, ka ga kamar ka gane sai an ba ka biro. Sannan kafin darasi ya fita dole wani malamin ya duba shi. Kuskure a aji ana gyara shi gobe da safe. Kuskuren da ya shiga Xender ya yi tafiyar da ba a kiranta. A ƙarshe a sa wa kowane darasi lamba da suna a jere, don mai caji ya san wanda ke gaba da wanda ke baya, kada yaro ya fara daga na goma sha bakwai.

Da wane harshe?

Wannan tambaya ta daɗe tana raba kan masana. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokansa suka fara gwajin shekara shida a Ile-Ife, inda aka koyar da yaran firamare da Yarbanci, aka bar Turanci a matsayin darasi, sakamakon kuma ya nuna yaran ba su yi baya ba. A ƙarshen 2022, lokacin Malam Adamu Adamu yana ministan ilimi, gwamnatin tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a firamare. A Nuwamban 2025 minista Tunji Alausa ya sanar da soke wannan manufa. Ko me mutum ya ɗauka game da wannan kai-komo, malamin da ke tsaye gaban allo a Sabuwa ya san abin da yake yi kullum: ya karanta tambaya da Turanci, ya ga idanu sun yi tsuru-tsuru, ya juya Hausa, fuskoki su saki.

Ra'ayina shi ne darasin bidiyo ya bi wannan hanya a fili, ba da kunya ba. Bayani da Hausa, sunayen abubuwa da alamomi da Turanci kamar yadda za su zo a takardar jarrabawa, a rubuta su a gani, a maimaita. Wanda ya dage sai ya ƙirƙiro wa kowace kalmar kimiyya sabon suna zai bar yaro da harshe na uku da babu mai jinsa a zauren jarrabawa. Wanda kuma ya dage da Turanci zalla zai ci gaba da yi wa bango magana.

Hausa ba ta zo wa lissafi hannu rabbana ba. Yaron da ya zauna gaban malamin zaure ya ji nusufi da sulusi da rubu'i da sudusi da sumuni a babin rabon gado. Ya san zakkar amfanin gona ɗaya cikin goma ce idan ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin ashirin idan ban-ruwa aka yi da wahala, ta kuɗi kuma ɗaya cikin arba'in. Wannan shi ne kashi 10 da kashi 5 da kashi 2.5 cikin 100 da littafin boko ke wahalar da shi a kai. Al-Khawarizmi, wanda daga littafinsa aljabara ta samo suna, babban kaso na littafin a kan matsalolin gado da wasiyya ya yi shi. Me zai hana darasin farko ya fara daga nan? Haka ma kasuwa. A ce manomi ya kai buhu uku na masara Ɗandume, ya biya naira 6,000 kuɗin mota, ya dawo da naira 114,000, nawa ya sayar da buhu? Yaron da ke raka mahaifinsa kasuwa zai ba ka amsa da ka, naira 40,000, kafin ka gama tambaya. Aikin malami shi ne ya nuna masa cewa abin da ya yi a kansa shi ne 3x − 6,000 = 114,000, cewa aljabarar da yake gudu ya daɗe yana yin ta.

Akwai kuma wani suna da ya kamata kowane ɗalibin Katsina ya ji a darasinsa na farko na kwamfuta. Muhammad ɗan Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, malamin Katsina da ya tafi aikin hajji ya zauna a Masar, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan hanyoyin tsara hatimin lambobi mai gidaje mara, ya rasu a Alƙahira a 1741. Masu tarihin lissafi a duniya suna ambatonsa har yau. Hatimi mai gida uku-uku, wanda kowane layi nasa, a tsaye ko a kwance ko a karkace, ke ba da 15, ba baƙo ba ne a zaurukan malamanmu. Ɗaya daga cikin sanannun hanyoyin cika shi ita ce a sa 1 a tsakiyar layin sama, a riƙa hawa sama ta dama gida ɗaya, in an fita daga hatimin a shigo ta ɗaya gefen, in an tarar da gida a cike a sauko ƙasa. Sai ka ga 8, 1, 6 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 4, 9, 2 a ƙasa. Wannan ƙa'ida ɗaya za ta cika mai gida biyar-biyar, kowane layi ya ba da 65, ta cika mai bakwai-bakwai, har abin da ya yi sama. Jerin umarni ke nan bayyananne, mai maimaituwa, mai sharaɗin "idan kaza ta faru, yi kaza". Duk wanda ya fahimci wannan ya fahimci zuciyar shirya manhaja, abin da ya rage shi ne a rubuta shi da Python cikin 'yan layuka. Darasi uku na minti shida sun isa a tashi daga tawada da alƙalami a sauka a kan kwamfuta, ba tare da yaro ya ji an fitar da shi daga gidansu ba.

Inda bidiyo ya gaza

Kada a ruɗi kai. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, WAEC ma ta fara gwada hakan a 2024 da masu rubutawa daga waje. Har yanzu akwai ɗaliban karkara da ranar jarrabawa ce ranar farko da suka ɗora hannu a kan linzamin kwamfuta, lokaci na tafiya suna neman inda za su danna. Bidiyo zai nuna musu yadda fuskar jarrabawar take, ya rage musu fargaba, amma ba zai sa yatsu su saba da madannai ba. Ana iya koyon lissafin sifili da ɗaya da tsakuwoyin dara, ana iya rubuta ƙananan manhajoji a waya da Pydroid, ana iya zana jadawali da GeoGebra ba tare da data ba. Duk da haka dole wata rana yaro ya zauna gaban kwamfuta ta gaske. Akwai dabarar da aka gwada a ƙasashe da dama: ƙaramar na'ura irin Raspberry Pi, a zuba mata darussa da manhajar Kolibri, a haɗa ta da sola, ta riƙa watsa wa wayoyi da kwamfutocin da ke kusa ba tare da intanet ba. Makaranta ɗaya a kowace gunduma da ke da wannan, da kwamfutoci goma masu aiki da malami mai kula, ta fi ɗakin kwamfuta hamsin da aka yanke wa ƙyalle aka kulle saboda babu wuta.

Sai maganar wayar kanta. A yawancin gidaje ta maigida ce ko ta babban wa, tana fita da safe ta dawo da dare, cajin ma saye ake yi. Ƙanwa ce ta ƙarshe a layi. Katsina na cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga shirin AGILE na Bankin Duniya don karatun 'yan mata, kuma koyar da fasahar zamani na cikin shirin. Idan ana son darasin bidiyo ya kai ga 'yan mata da matan aure da suka katse karatu, sai an bi ta makarantun Islamiyya da azuzuwan yamma na mata, inda malama ɗaya da waya ɗaya da 'yar lasifika za ta tara goma su kalla tare, su tsayar, su yi gardama, su gwada.

Babbar gazawar ita ce bidiyo ba ya duba aiki. Ba ya ganin yaron da ya yi shiru don bai gane ba, ba ya gane cewa matsalar wannan yarinya tun daga jadawalin sau take. Shi ya sa nake tsoron ranar da wani jami'i zai ɗaga memori sama ya ce an magance ƙarancin malamai a yankin da ke fama da tsaro. Gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta ɗauki malamai sama da 7,000 a farkon zuwanta, wannan shi ne ainihin maganin, tare da tsaron da zai sa malamin ya yarda ya kwana a inda aka tura shi. Sulhun da aka ƙulla da 'yan bindiga a wasu ƙananan hukumomin yankin a 2025 ya ba jama'a ɗan numfashi, amma babu uban da zai ce hankalinsa ya gama kwanciya. Bidiyo mataimaki ne. Yana riƙe yaro a ranakun da hanya ba ta biyuwa, yana kuma taimakon malamin da ya karanta wani fanni aka ce ya koyar da lissafi don babu kowa. Irin wannan malami, in ya kalli darasin da dare, gobe zai shiga aji da ƙarfin gwiwa. Wataƙila ma shi ne ɗalibin farko da ya kamata a yi dominsa.

Wa zai biya?

Nan ne yawancin masu niyya ke tsayawa. Matasa da yawa a Arewa sun buɗe tashoshi suna koyar da lissafi ko kwamfuta da Hausa, su yi darasi goma ko ashirin da zafinsu, sai ka ji shiru. Ba lalaci ba ne. Darasin minti shida mai kyau yana cin awanni wajen shiri da ɗauka da gyara, kuma YouTube kan biya ne bisa kallon da aka yi a kansa. Darasin da ya zaga wayoyi dubu ta Xender ko kwabo ba ya kawo wa mai shi. Wato hanyar da ta fi kai ilimin ga yaro ita ce ta fi barin malamin da yunwa. Kasuwa ba za ta warware wannan ba, aikin hukuma ne da masu hali.

Kuma ba aikin biliyoyi ba ne. Jihar na da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita a Dutsin-ma, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya a Katsina, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma, ga Jami'ar Ahmadu Bello nan kusa a Zariya. A cikinsu akwai malaman lissafi da na kwamfuta da na Hausa da za su zauna teburi ɗaya su tsara jerin darussa bisa manhajar NERDC, su daidaita kalmomin da za a yi amfani da su don kada kowa ya kama gabansa. Masu koyarwar kuwa a nemo su daga makarantun yankin, waɗanda ɗalibai da kansu ke shaidar sun iya bayani, don kowace makaranta ta san nata. A biya su a kan kowane darasi da ya tsallake tantancewa. A saki darussan kyauta, da izinin kowa ya kwafa ya raba, a ba masu caji su tura, in sun karɓi ɗan kuɗin turawa halalinsu ne.

Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai, ga 'yan majalisar jiha, ga shugabannin ƙananan hukumomi uku, ga ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da 'yan kasuwar hatsi da Allah ya buɗa wa. Kuɗin da ake kashewa a rabon babura na rana ɗaya ya isa a ɗauki lissafin ƙaramar sakandare gaba ɗaya da Hausa. Muna kira gare su, da Ma'aikatar Ilimi ta jiha da SUBEB, da su ware wannan kuɗi a kasafin da ke tafe, su fara da darussa 60 na aji ɗaya, su gwada su a makarantu kaɗan na ƙananan hukumomin uku, a yi wa yara gwaji kafin da bayan zango, a buga sakamakon kowa ya gani.